Tsutsotsin Tumfafiyar Mma

Shekarun baya, lokacin muna tsohon Zongon Lome, kafin a tashe mu a mayar da mu can arewacin gari, akwai wata tumfafiya a bayan ɗakin mahaifiyata. Ba wanda ya shuka ta. Iska ce ta kawo irin ta sauke shi tsakanin katanga da wurin wanke-wanke, ita kuwa ta samu ruwa kullum, ta yi ƙiba har ta fi ni tsawo. A wani gidan da tuni an sare ta, amma a namu jari ce, domin mahaifiyata wagashi take yi, cukun nan na madarar shanu da ake soyawa a ci da yaji. Fulanin da ke kiwo cikin gonakin kwakwa a bayan unguwar Bè su kawo mata madara da sassafe, ta ɗora a wuta, ta daka ganyen tumfafiya ta tace ruwan a ciki, sai ka ga madarar ta kama ta taso. Da wannan sana'ar ta riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu.

Tumfafiyar nan tana da abokiyar gaba guda ɗaya, wata tsutsa mai zane-zanen baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahoni a gaba da tsakiya da baya. Kowace safiya Mma, haka muke kiran mahaifiyar tamu, takan ɗauki tsinken tsintsiya ta bi ganye ɗaya bayan ɗaya tana kakkaɓo su cikin tsohon gwangwani, ta juye a murhu. Da farko kaji take zuba wa, amma kajinmu da ba sa barin ko kyankyaso, in sun ga wannan tsutsar sai su karkata kai su kalle ta da ido ɗaya su wuce. Mma ta ce abin da kaza ta raina ba abin kirki ba ne. Ni dai ko kallonsu ba na iya yi, tsigar jikina tashi take.

Mu biyu Mma ta haifa, ni da yayana, kuma shi ne ɗan fari. Wanda ya tashi a gidan Hausawa na da ya san abin da wannan ke nufi. Mma ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ci abinci, sai ta dube ni ta ce, "Ki gaya wa wancan tuwonsa na hucewa," alhali wancan ɗin yana zaune kusa da ita fiye da ni. Shi kuma ya ce, "Ki ce mata na gode." Ni ce wayar tarhon gidan, kuma aikin ya dace da ni, don tun ina ƙarama ake cewa bakina ba ya hutu sai in ina barci. Na taɓa tambayarta ko ba ta son shi ne. Ta jefe ni da mara, ta ce lekol, wato makarantar boko, ta lalata ni.

Yayana yana jami'a a lokacin, yana karatun halittu. Mutum ne mai surutu kamar ni, sai dai nasa surutun na ƙwari ne da ganyaye. Ni kuma na samu aikin buga takardu a wani biro, wato ofis, a unguwar Nyékonakpoè, ina sa siket da takalmi mai tsini, ina jin duk Zongo ba wayayye kamata. Zamani ne na jam'iyya ɗaya, zamanin da ake fitar da mu daga aiki mu je mu yi rawa da waƙa a rana, kowa yana murmushi, kowa kuma ya san bango yana da kunne. Wata rana aka tsinci wasu takardu a makarantar su yayana. Ba mu taɓa sanin abin da aka rubuta a ciki ba. Aka zo aka kwashi ɗalibai, har da yayana.

Watannin da ya yi ba ya nan ba zan ba ku labarinsu ba, don ba labari ba ne, jira ne kawai. Mma ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta ko tambayi masu zuwa jaje ko sun ji wani abu. Amma kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe, da safe ta ba wa maƙwabta.

Da aka sako shi, da ƙafarsa ya shigo. Ya rame, hannunsa na dama yana ɗan rawa, ban da wannan ba ka ganin tabo. Sai dai bai yi magana ba. Ya yi sallama da kai, ya amsa gaisuwa da kai, ya yi salla ba ka jin ko motsin leɓe. Muka ce gajiya ce. Mako ya wuce, wata ya wuce. Likita ya duba ya ce maƙogwaronsa lafiya lau. Aka yi rubutu ya sha, aka yi sadaka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, in baƙo ya shigo ya kira sunansa, sai ya zabura ya miƙe tsaye, hannuwa a baya, kai a sunkuye, sai an ce ya zauna. A hankali ya daina zama a inda mutane suke. Ya ɗauki tabarmarsa ya koma bayan ɗakin Mma, gindin tumfafiya, inda take aikin madararta.

Ni kuwa na ɗaura ɗamarar sai na sa shi magana. Na kwaso masa tsegumin biro kaf, na yi masa ƙarya da gangan don ya ƙaryata ni, na sa masa gishiri a shayi, har na ce masa kada tsuntsu ne ko zai gyara min. Ya dube ni kawai, irin kallon da ake yi wa ruwan sama. Na shiga ɗaki na yi kuka na fito na ci gaba.

Wata safiya ina shirin tafiya aiki, Mma ta ɗauki tsinkenta da gwangwani ta fara farautar tsutsa. Ta kai tsinken kan wata ƙatuwa ke nan, sai yayana ya miƙo hannun nan mai rawa ya rufe ganyen da tafinsa. Bai taɓa ta ba, bai kalle ta ba. Tun dawowarsa wannan ne abu na farko da ya nuna yana so ko ba ya so. Mma ta tsaya da tsinke a sama. Can ta juye tsutsotsin cikin gwangwanin a gindin bishiyar, ta koma wurin murhu.

Da yamma ta ce min ganyen gidan nan ya tsufa, ba ya kama madara, daga gobe in riƙa biyawa bakin tafki wajen Bè in tsinko mata sabo. Na buɗe baki zan ce ai jiya ma da shi kika yi, ta yi min wani kallo, na haɗiye. Haka na koma, ni ma'aikaciyar biro, ina ratsa bola da takalmi mai tsini ina tsinkar tumfafiya, farin ruwanta na ɓata min riga, ina kare ido don an ce yana makantarwa. Matan Bè masu shanyar kifi suka sa min ido, har ɗaya ta tambaye ni da yaren Mina ko asiri zan yi wa mai gidan aikina.

Tsutsotsi suka samu sarauta. Suka ci ganye suka yi ɓul-ɓul, tumfafiyar da ta ciyar da mu shekara da shekaru ta koma tsinke-tsinke. Mma tana gani, tana kawar da kai. Yayana kuwa ya samu abin yi. Yakan wuni yana juya ganye yana duba ƙasansa, in wata ta faɗo ya ɗora ta a ɗan yatsa ya mayar. Ya fara cinye tuwonsa. Sai dai magana har yanzu babu.

A nan gwaggonmu ta shigo labarin, ƙanwar mahaifinmu, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Mace ce mai kirki da zafin zuciya, kuma tun da mahaifinmu ya rasu ita ce ubanmu. Ita ta yi ta yawon ofisoshi lokacin da yayana yake tsare, ita ta sayar da sarƙarta. Da ta ga ɗan yayanta mai karatun jami'a yana wasa da tsutsa, ta yanke hukunci: taɓuwa ce, kuma tana da mai magani a wani ƙauye can arewa. Kowa a Zongo ya san wurin. Ana warkewa, in ji masu faɗa, amma a mari ake ajiye mutum, a ɗaure a gindin bishiya. Mutumin da ya fito daga ɗauri za a kai wani ɗaurin. Na yi ta roƙo, ta ce yarinya ba ta sa baki. Mma kuwa ba ta da bakin magana. Ɗa na dangin uba ne, sannan ɗan fari ne. In ta tsaya tana kare shi a gaban dangin miji, ta zubar da kunyar da ta riƙe tun ranar da ta haife shi. Gwaggo ta yi magana da wani direban motar goro da zai tashi ƙarshen mako.

Ana cikin haka tsutsotsin suka fara ɓacewa. Yau ka ga sun ragu, gobe ka ga saura 'yan ƙanana. Mma ta damu, na gani a fuskarta, don ta ɗauka abin da ke riƙe da yayana ne yake ƙarewa. Shi kuwa ko a jikinsa.

Ranar da gwaggo ta zo haɗa masa kaya, ta nufi ɗakinsa, sai ta ja baya tana salati. A saman ƙofar, jikin katako, wasu abubuwa ne a rataye, kore shar kamar tsakiya, dutsen adon wuya, kowanne da ɗigo-ɗigon zinariya da wani siririn layi baƙi. Muka duba sama, ga wasu a ƙarƙashin kwanon rufi, ga wasu a bakin taga. Ba zare, ba ƙusa, amma suna lilo. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro irinsu ba. Mma da ta shekara ashirin da tumfafiya ita ma ba ta san su ba, don ba ta taɓa barin tsutsa ɗaya ta tsufa ba.

Gwaggo ta ce, "Ga shi nan. Na faɗa ba a ji ba. Waɗanda suka kama shi ba su gama da shi ba, sun biyo shi har ƙofar ɗaki."

Ni mai takardar lekol, mai buga Faransanci ba kuskure, ina bayanta ina karanta Ayatul Kursiyyu. Aka kawo kasko da garwashi. Gwaggo ta naɗe hannu da gefen mayafi, ta sa muciya ta zunguro ɗaya. Ya faɗa wuta ya yi ɗan ƙara. Ta ɗaga muciyar za ta zunguro na biyu.

"Gwaggo, ki bari. Suna da rai."

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Muka juya. Yayana ne tsaye da buta a hannu. Ni da na yi wata da watanni ina neman kalma ɗaya daga bakinsa, da ta zo sai na rasa tawa.

Bai kalli kowa ba, ƙasa yake wa magana. Ya ce ba sammu ba ne, tsutsotsin tumfafiya ne. In sun ƙoshi sai su bar bishiyar su nemi wuri mai tsawo, su rataye kansu da ƙafar baya, su tuɓe fatar nan mai zane, abin da ke ciki shi ne wannan koren. A ciki jikinsu yake narkewa ya sake haɗuwa, su fito malam-buɗe-littafi, irin jan nan mai baƙin gefe da farin ɗigo da ke yawo a hankali a tsakar gida. Yana magana yana tsayawa, wata kalmar ta ƙi zuwa da Hausa ya ɗauko ta Faransanci, *chenille*, *chrysalide*, ya sake komawa.

Na ɗauka shi ke nan, an tsira. Ashe a kunnen gwaggo hujja ya ƙara mata. Ta ce tsutsa tsutsa ce, malam-buɗe-littafi kuma Allah Ya yi shi da fiffikensa. Mutumin da ya yi shiru wata da watanni, ya buɗe baki ya ce tsutsa na zama tsakiya, tsakiya na tashi sama, wannan ba shi ke magana ba, aljanun da ke kansa ne.

Yayana ya ɗaga hannu ya nuna ɗaya a kusurwar ƙofa, wanda korensa ya fara dushewa yana duhu. Ya ce, "Wannan gobe da hantsi zai fito. In bai fito ba, zan shiga motar da ƙafata."

Gwaggo ta juya wajen Mma, ta ce, "Ke uwarsa, kin yi shiru. Me kika ce?"

A al'ada amsar ɗaya ce: ɗanku ne, yadda kuka gani. Na san ta, gwaggo ma ta san ta. Mma ta sunkuya ta ɗauke kaskon wutar, ta ce tana bukatar garwashin, madararta za ta lalace. Ta tafi da shi bayan ɗaki, ba ta dawo da shi ba. Gwaggo ta bi ta da kallo, ta ce to, ita ma a nan za ta kwana.

Washegari ban je aiki ba, na aika a ce zazzaɓi nake. Bayan sallar asuba muka jeru a ƙofar ɗakin, gwaggo a kujera da carbi, ni a tsugune, Mma can nesa tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Abin ya yi baƙi, fatarsa ta zama kamar leda, har ana hango ja a ciki. Na ce a raina, in wannan ƙwaron ya yi nawa, ko ya mutu a ciki, shi ke nan an tafi da yayana.

Rana ta ɗan ɗaga sai fatar ta tsage daga ƙasa. Wani abu ya zuro kai, ya zamo, ya maƙale da ƙafafu a jikin ɓawon. Carbin gwaggo ya tsaya. Amma abin da ya fito bai yi kama da malam-buɗe-littafi ba. Ciki ne ƙato, da wasu 'yan fikafikai a cukurkuɗe, jiƙaƙƙu, kamar tsumman da aka matse. Tausayi ya kama ni. Sai na ji Mma a bayana, ban san lokacin da ta matso ba.

Ta ce, "Ki tambaye shi, nakasasshe ne? Ko a miƙe masa fiffiken?"

Kafin in juya in isar da saƙo, ya amsa. "A'a, Mma. Haka suke fitowa duka. In aka taɓa shi yanzu ba zai taɓa tashi ba. A bar shi ya rataya, da kansa zai miƙe."

Muna kallo cikin ya riƙa raguwa, fikafikan suna buɗewa a hankali, suna sauka, har suka miƙe sumul, ja kamar manja a sama, na ƙasan da fari. Ya daɗe yana buɗe su yana rufewa. Gwaggo ta share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhun gidan nan ya yi yawa. Sannan ta ce, ikon Allah, ta tsufa ba ta gama ganin duniya ba. Ta aike ni in gaya wa direban motar goro ya yi tafiyarsa.

Da na dawo na tarar da abin dariya. Gwaggo ta zama ɗaliba. Bakin yayana ya buɗe a kan abu ɗaya tak, ita kuma ta gane, sai ta riƙa jefa masa tambaya kamar tana cinikin atamfa. Me ya sa kaji ba sa ci? Ya ce farin ruwan tumfafiya dafi ne, tsutsar tana cinsa tana ajiyewa a jiki, har bayan ta yi fiffike yana nan. Tsuntsun da ya taɓa ɗanɗanawa ya yi amai ba ya sakewa, shi ya sa suke tafiya a hankali da kaya masu kala, ba sa ɓuya. Ya ce ƙaramar tsutsa ma dabara take yi, sai ta fara yanka da'ira a ganyen, ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci tsakiya. Ya nuna mana cewa da ƙafa huɗu yake tsaye, biyun gaba sun naɗe a ƙirji, kuma da wannan ake gane babban gidansu. A cikin gidan kuma su masu cin tumfafiya da 'yan'uwanta ɗaki guda ne: akwai baƙaƙe masu farin tabo a dazukan wajen garin Kpalimé, akwai wasu a hayin teku da ke tafiyar ƙasa da ƙasa. Namu na nan yamma, in ji shi, fiffiken bayansu fari ne, na gabas ja ne duka, amma jinsi ɗaya ne. Namijin yana da ƙarin baƙin tabo a fiffiken baya, nan yake ajiye turarensa na zance.

Gwaggo ta ce, "Ashe maza ko'ina halinsu ɗaya."

Ya yi murmushi, na farko. Ya ƙara da cewa akwai wata ta daban, ba danginsu ba ce, ba ta cin dafi, amma macen ta kwaikwayi kayansu tsaf don tsuntsaye su ƙyale ta. Gwaggo ta ce ai ta san irinsu a kasuwa, kama da wane ba wane ba ne.

Sauran suka ci gaba da fitowa ɗaya-ɗaya cikin kwanakin da suka biyo, har saura guda a bakin taga. Yayana yana jiran wannan, don ya ce yana zaton namiji ne, yana son nuna wa Mma tabon. Safiyar da zai fito, gwaggo ta koma gidanta, ni ina ɗaki ina taje kai na makara, shi kuma ya zaga wanka. Mma ce kaɗai a tsakar gida. Na ji ta ce, "Ke, ki gaya wa wancan..." sai ta ga ba lokaci. Fitowar ba ta jiran kowa.

Sai ta kira sunansa.

Sunan yanka, cikakke, da murya a sake, kamar kullum take kiransa. Matajin ya tsaya a kaina. A rayuwata ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na ruga bakin ƙofa ina tsoron in gan shi tsaye, hannuwa a baya. Ya fito da ruwa a jiki, zane a kafaɗa. Ya ce, "Na'am, Mma." Ya zo ya tsaya kusa da ita, suna kallon taga su biyu.

Da yamma na tsokane ta, na ce yau na ji sabon abu. Ta ce kunnena ne, ita ba ta kira kowa ba. Har ta koma ga Allah ba ta amsa cewa ta kira ba, kuma ba ta sake kira ba.

Ba zan ce muku yayana ya koma yadda yake a da ba. Surutun bai dawo duka ba, hannun bai daina rawa ba, jami'ar ma bai koma ba. Amma ya koyar da yara ilimin halittu har ya yi ritaya, ya yi aure, yau yana da jikoki. Tsohon Zongo babu shi, inda tumfafiyarmu take yanzu bene ne. A gidansa na sabon Zongo akwai wasu guda biyu a bayan ɗaki, kullum a cinye, matarsa ta gaji da mita.

Abin da na koya, ni mai baki, shi ne ba kowane ciwo ake yi wa magana ba. Na yi wata da watanni ina jan fiffiken mutum da hannu, ina ganin taimako nake. Mma da nake wa kallon mai taurin zuciya, ita ta ba da bishiyar da muke ci da ita, ta koma gefe ta jira.

Bai taɓa ba mu labarin abin da aka yi masa a can ba. Sau ɗaya kawai, bayan rasuwar Mma, muna zaune bayan an watse daga zaman makoki, na tambaye shi me ya sa a lokacin ya zaɓi bayan ɗakinta, wurin hayaƙi da ƙuda, ya bar inuwar zaure. Na ɗauka zai ce saboda tsutsotsin.

Ya ce a can ciki, duk lokacin da aka kira sunansa, abin da ke biyo baya ba alheri ba ne. Har ya zama ba ya son jin sunan. Da ya dawo, kowa ya zo da ƙauna sai ya kira shi. Wuri ɗaya ne a duniya ya tabbata ba za a kira sunan ba, kusa da Mma.

Na ce, to ranar da ta kira fa?

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ya ce, "Ranar aka dawo min da sunana."